Ƙullin Da Kwastan Suka Sani

A garejin manyan motoci da ke bayan sito-sito, in ka tambayi sunansa na yanka sai a yi ta kallon-kallo, daga ƙarshe a tura ka wurin matarsa, ita ma sai ta ɗan yi tunani. Baba Ƙulli kowa ya sani. Aikinsa guda ne tal a duniya: idan 'yan dako suka gama loda mota, ya hau ya shimfiɗa tamfol ya ɗaure kaya. Bai iya tuƙi ba, bai iya karatu ba, ko keke bai taɓa mallaka ba. Amma shekara talatin da huɗu, ko buhu ɗaya bai taɓa faɗowa daga motar da ya ɗaure ba.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar an manta ba a sa ba. Tafin hannunsa kuwa, bayan tsohuwar taya ya fi shi laushi. 'Yan gareji suna cewa an taɓa kai shi asibiti za a ɗebi jini a yatsansa, allura uku suka lanƙwashe, ma'aikaciyar ta ce a nemo mata ƙusa. To, labarin 'yan gareji sai ka tankaɗe shi sau biyu kafin ka samu abin ɗauka, amma duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ba ya musu sosai.

Da dako ya fara, yana saurayi. Yana da aboki guda, su kama buhu tare, su ci tare, su huta a inuwar mota ɗaya. Wata rana da hantsi wata tirela ta tashi da dilolin auduga. Wanda ya ɗaure ta sauri yake, ya yi mata ɗaurin jeka-na-yi-ka. A bakin ƙofar gareji ta faɗa rami, dila ɗaya ta zamo daga can sama. Abokin yana tsugune yana gyara takalminsa. Ko ihu bai samu ya yi ba.

Da aka dawo daga maƙabarta bai koma layin 'yan dako ba. Ya sayi igiya, ya zauna a gindin katanga wata uku yana ɗaure wani tsohon duro yana kwancewa, har aka fara cewa mutuwar ta taɓa masa kai. A nan ya fitar da ƙullinsa. A ƙugiya ta ƙarshe yake yin sa, bayan ƙofar direba: ninki biyu, zarge ɗaya, sannan ya cusa wutsiyar ta ƙasa ta leƙo kamar kan ƙadangare. Duk ramin da mota ta faɗa, ƙara tamkewa yake. Masu wayo da yawa sun tsaya sun ƙura masa ido sun je sun gwada, nasu kafin a fita gari ya saki baki. In kuma aka kwance nasa a hanya, ba mai iya mayar da shi yadda yake.

Ya kafa wa kansa doka biyu, ba wanda ya sa shi. Ta farko, ba ya ɗaure kayan da ba a gabansa aka loda ba, don sai ya san abin da ke ƙasa yake sanin inda igiya za ta bi. Ta biyu, ba ya yanka igiya. Ko wuƙa ba ya riƙewa. A wurinsa mai yanka igiya raggo ne da bai san yadda ya ƙulla ba.

Ya haura shekara ashirin yana wannan aiki aka yi Haɗaka. Shugabannin ƙasashe biyar maƙwabtan juna suka taru a wani zaure mai sanyi, suka sa hannu, suka yi hoto suna murmushi kamar ba su ne jiya ke rufe wa juna iyaka ba. Abin da suka yanke mai sauƙi ne a baki: duk kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin ƙasashen nan biyar su wuce kan iyaka ba haraji, muddin suna da takardar shaida. Kayan ƙetare kuwa su biya. Rediyo ta yi wata guda tana guɗa.

Sai dai takarda takarda ce. Kafin tawadar shugabanni ta bushe, akwai wani a bayan kasuwa da ke buga irinta, tasa har ta fi ta gwamnati kyau. Shi ke nan kwastan suka koma gidan jiya: a sauke a gani. Mota ta kwana biyu a layi, a zube kayanta a rana, a duba, a mayar. Mai siminti ya yi haƙuri, siminti ba ya ruɓewa. Mai albasa da mai tumatir kuwa sai kuka.

A shingen kan iyaka, tafiyar awa guda daga garejin, akwai wani babban kwastan da direbobi ke kira Mai Gilashi. Mutum ne da ko uwarsa ce ta zo da ƙunshi sai ta kwance. Shi ya fara lura cewa duk motar da ta zo da wani ƙulli mai kan ƙadangare, in an sauke ta, abin da ke takarda shi ne a ciki, ba ƙari ba ragi. Ya gwada shekara guda, ya ƙara wata. Rannan mota ta zo, ya zagaya bayan ƙofar direba, ya sunkuya ya dubi ƙullin, ya buga bodin motar da tafin hannu sau biyu, ya ce a ɗaga sanda. Ba a rubuta wannan a kowace doka ba. Shugabannin nan biyar ba su ma san da shi ba. Amma daga ranar, rabin Haɗakar da ke aiki a wannan hanya a hannun wani gajere take da bai san hanyar kan iyaka ba.

Shi kuwa yana da nasa karatun. A teburin mai shayi, in rediyo ta ce ciniki tsakanin 'yan'uwa ya bunƙasa, sai ya ajiye kofinsa ya yi tsaki.

"Baba, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, za ka ƙaryata rediyo?" in ji Uwar Albasa. Wata ƙatuwar 'yar kasuwa ce da ke aika albasa ƙasar gabas duk mako, muryarta ta fi hon ɗin tirela.

"Rediyo ta taɓa hawa kan kaya?" ya ce. "Ni nake hawa. Mota goma in na ɗaure, bakwai teku suka nufa. Auduga, fatu, riɗi. Mu auduga, na gabas auduga, na arewa auduga. Wa zai sayar wa wa? Kamar ke ce da ƙanwarki, kowa da tiren albasa, kuna yi wa juna talla."

"Ƙanwata ta isa? Tata duk ƙwarya ce ba ciki."

"Sannan ki dubi abin da ke dawowa." Ya nuna titi da haɓa, inda wata kwantena ke wucewa. "Abin da muke aikawa igiya yake so. Abin da ake aiko mana da kwaɗo yake zuwa, a rufe, ko fuskarsa ba ka gani. Audugar da na ɗaure bara, ita ce waccan ta dawo ta yi wanka ta sa kaya, ba ta ko gaishe ni."

Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Motoci ukun da suka rage a cikin goman su ne na zuciyarsa: sabulu, gishiri, bokitan roba, katifu, albasa, kayan da maƙwabci ya yi maƙwabci zai yi amfani da su. In yana ɗaure irin waɗannan har 'yar waƙa yake yi ta hanci, mara daɗi, wadda ba mai iya gaya masa.

Gidansa ɗaki biyu ne a lungun bayan injin niƙa. A bangon ɗakinsa ƙusoshi ne jere, kowace da nata naɗin igiyar, tsofaffi a dama, sababbi a hagu. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun tana da duk haƙoranta, ta ce a gidan nan igiya ta fi mutum samun wurin kwana. 'Ya'ya biyar suka haifa, huɗu sun watsu garuruwa. Auta ce kaɗai a kusa, ita ce kuma mai shiga har ɗakinsa ta kwashe masa kayan wanki tana yi masa faɗan ƙazanta. Tana auren wani direba da ake kira Ba-Birki, dogo mai fara'a, wanda bai daɗe da mallakar motar kansa ba. Ba mugu ba ne. Sauri ne ya yi masa yawa, a titi da ma rayuwa.

Wata Talata da safe Ba-Birki ya shigo gareji da mota a lode, an yafa mata tamfol sama-sama. Ya sauko ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, barka da asuba. Sabulu ne, na kamfanin nan na bakin gada. Da wuri suka loda min, ga takarda, komai daidai. Ɗauri kawai ya rage."

Baba Ƙulli ya dubi motar, ya dubi ƙasa. Bai saba haɗa ido da surukinsa ba.

"A kira 'yan dako su sauke, a mayar ina gani."

"Haba Baba, kwali ɗari shida ne fa. Kafin a gama rana ta raba, layi ya kai bayan gari."

"Ka san yadda nake."

"Na sani, Baba. Amma ni ne fa." Ya rage murya, sai dai ba sosai ba, yadda na kusa za su ji. "In ka sa aka sauke min kaya a gaban mutanen nan, me za a ce? A ce wanda ya ba ni 'ya bai yarda da ni a kan sabulu ba?"

'Yan dako sun daina hira. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Baba Ƙulli ya taɓa mayar da motar wani babban ɗan kasuwa, ya taɓa mayar da ta soja, ko gezau. Amma wannan uban jikokinsa ne a durƙushe, gwiwarsa cikin baƙin mai. Ya tuna Auta. Ya ɗauki igiya ya hau.

A sama ƙamshin sabulu ya buge shi, ya ji ɗan sanyi a ransa. Ya gyara tamfol, ya jefa igiya, ya sauko ya sa ƙafa a taya ya ja. A nan hannunsa ya gaya masa. Sabulun gida ɗanye ne, kwalinsa yana lotsawa, igiya ta nutse ta zauna kamar an yi mata gurbi. Layin sama ya lotsa yadda ya kamata. Na ƙasa kuwa turo igiyar yake, yana dawo da ita. Ya koma ƙugiya ta gaba ya sake ja. Haka. Duk abin da ke cikin kwalayen nan, bai taɓa yin kumfa ba.

Ya ɗago ya dubi surukinsa. Ba-Birki ya duƙufa yana goge madubin da ba datti.

Da a nan ya saki igiyar, da labarin ya ƙare. Bai saki ba. Hannu ya riga ya saba, ya bi ƙugiya bayan ƙugiya har ta ƙarshe. Ninki biyu, zarge ɗaya, kan ƙadangare ya leƙo. Ba-Birki ya yi godiya har sau uku, ya ja mota ya fita da ƙura.

Motar da ke biye ta Uwar Albasa ce. Aka loda a gabansa, buhu bayan buhu, tana tsaye tana zagin 'yan dako da iyayen gidansu.

"Baba, ɗaure min da kyau," ta ce. "In ba don ƙadangaren nan naka ba, da rana ta soye min su a kan iyaka, in isa gabas da miya. Kai ne mijina na gaskiya, wancan na gida tuwon banza yake ci."

Da ya zo ƙugiya ta ƙarshe yatsunsa suka rikice, ƙullin ya fito a karkace. Ya kwance ya sake. Shekara talatin da huɗu bai taɓa sakewa ba.

"Lafiya?" Muryarta ta sauko.

"Lafiya lau."

Ya bar igiyoyinsa a wurin mai shayi, ya nufi gida da rana tsaka. Tsohuwa tana tsakar gida tana yankan kayan miya. Ta dube shi sau ɗaya ta ajiye wuƙar.

"Wa ya mutu?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya gaya mata, a taƙaice, kamar mai ba da labarin wani.

"Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba. Na ji."

"To abin da ba ka gani ba, ina ruwanka? Ka ɗaure, ya tafi. Allah ya kai shi lafiya."

"Zai wuce. Yau zai wuce. Gobe ya dawo da wata, jibi abokinsa ya zo ya ce ai na yi wa suruki. Ranar da aka buɗe guda, an gama. Mai albasa, mai tumatir, mai gishiri, kowa a sauke masa a rana. Mai Gilashi bai taɓa ganina ba, Tsohuwa. Ƙullin kawai ya sani. Yau na aika masa ƙarya da hannuna."

"Auta fa?"

Ya kawar da kai.

"Na ce Auta fa, Malam? Da yara uku. Motar nan ita ce cinsu, ita ce shansu."

"Na sani."

"Ka sani." Ta share ido da gefen zane. "Kai komai ka sani."

Ya miƙa hannu. Ta ɗauka ruwa yake so. Da ta ga inda idonsa yake, sai ta dafe ƙirji. Ya ɗauki wuƙar daga kan faranti, ya goge ta a wandonsa, ya naɗe a tsumma ya sa aljihu. Ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce ya dawo lafiya ba.

Mai babur ya kai shi. Hanyar da ƙullinsa ya bi sau dubbai, shi ranar ya fara ganin ta. Ashe haka take, ramuka da gonakin auduga hagu da dama. Da suka doshi shinge ya ga layin motoci ya miƙe kamar ba zai ƙare ba. Ya sauka ya bi gefensu a ƙafa. Ga ta gishiri da ya ɗaure jiya. Ga ta katifu. Ga ta bokitai. Kowace da ƙadangarenta a bayan ƙofa, a tamke, ya sha ƙura. Direbobi suna leƙowa suna kiransa da mamaki, bai juya ba.

Motar Ba-Birki ita ce ta biyu daga sanda. Yana zaune a inuwarta yana shan rake. Da ya ga surukinsa, raken ya faɗi.

"Baba! Me ya faru a gida?"

"Gida lafiya. Juya motar nan mu koma."

Ba-Birki ya dubi gaba, ya dubi baya. Mota a gabansa, mota a bayansa, kwalbati a gefe. Ko da ya so, ba wurin juyawa.

"Baba, ka rufa min asiri. Sau ɗaya ne. Wallahi sau ɗaya ne. Kayan ma ba nawa ba ne."

"Ƙullin nawa ne."

Ya kama ƙullin zai kwance. Awa guda na ramuka ya tamke shi ya zama dutse, kamar yadda shi da kansa ya ƙera shi ya yi. Sai an sassauto igiyar tun daga ɗaya gefen, ƙugiya bayan ƙugiya, aikin rabin awa. A gaba aka ji bugu biyu a bodin mota, sanda ta ɗaga, motar farko ta wuce. Wani dogon mutum mai farin gashi da gilashi ya taho yana duba takarda.

"Baba, don Allah. Don Auta."

Ya zaro wuƙar. Wuƙar miya ce, ba ta saba da irin wannan ba, sai da ya goga sau biyar. Igiyar ta tsinke da ƙara kamar bulala, tamfol ya saki. Ƙullin ya faɗo a tafin hannunsa, guda, bai kwance ba.

Mai Gilashi ya tsaya a kansu. Ya dubi igiyar da ke lilo, ya dubi wuƙar, ya dubi gajeren tsohon.

"Kai kuma wane ne?"

"Ni ne mai ƙullin, ranka ya daɗe."

Mai Gilashi ya cire gilashinsa. Direbobi sun ce ba su taɓa ganin idonsa tsirara ba sai ranar.

"Shekara goma sha ɗaya ina gaisawa da hannunka," ya ce a hankali, "ban taɓa ganin fuskarka ba. Me ya kawo ka?"

"Wannan ban ga lodinta ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce sabulu ba, bai ce ba sabulu ba, bai ce surukinsa ne ba. Mai Gilashi ya mayar da gilashinsa, ya ɗaga hannu ya kira yaransa.

Layin sama sabulu ne. Daga na biyu zuwa ƙasa yadi ne na ƙetare, a naɗe cikin leda, an shigo da shi ta ɓarauniyar hanya an sa masa kwalin gida. Aka farke guda aka baza a ƙasa. Baba Ƙulli ya sunkuya ya murza gefensa tsakanin yatsu biyu. Auduga ce zalla, mai kyau.

Aka shiga da Ba-Birki ofis. Bai waiwayo ba.

Tsohon ya zauna a kan kwalbati da ƙullin a hannunsa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya matso kusa da shi. Rana ta karkata sannan motar Uwar Albasa ta iso gaban sanda. Mai Gilashi ya zagaya bayan ƙofar direba, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye, fiye da kullum. Ya miƙe ya dubi inda tsohon yake zaune.

"Wannan fa?"

"A gabana aka loda."

Sannan tafin hannu ya sauka a bodin motar, sau biyu. Sanda ta ɗaga.

An kwace motar Ba-Birki, shi kuma ya yi wata bakwai a tsare. Gareji ya rabu biyu. Wasu suka ce tsohon nan ba shi da imani, wanda zai iya yi wa jininsa haka ba wanda zai bari. Masu faɗin hakan kuwa su ne na gaba a layin ɗauri kowace safiya. Uwar Albasa ta daina kiransa mijinta, sai dai in ta zo ta sa mai shayi ya ƙara masa madara. Shi ya ci gaba da hawa yana ɗaurewa, amma waƙar hancin nan ba a sake ji ba.

Auta ta ɗauke ƙafa. Kayan wankinsa suka taru a bayan ƙofa, Tsohuwa ta wanke ba tare da faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. In ya hangi jikokinsa a hanyar makaranta sai su gaishe shi daga nesa, kamar an gaya musu iyakar taku nawa za su matso. Ƙullin da ya yanke ya rataye shi a ƙusa ta ƙarshe, shi kaɗai.

A wata na biyar mai gidan hayar su Auta ya ce su tashi. Ta samu ɗaki ɗaya a can ƙarshen gari. Baba Ƙulli a bakin mutane ya ji.

Rannan da safe yana teburin mai shayi, sai ga ta a ƙofar gareji, goye da ƙaramin. Ta rame. Ba ta durƙusa ba, ta ɗan rusuna kawai, idonta a kan motocin.

"Baba, na ɗauko motar a-kori-kura. Ka zo ka ɗaure mana kaya."

Ya ajiye kofin bai shanye ba. Ya zaɓi sabuwar igiya ya bi ta a baya. Shi kuwa ya san halin masu a-kori-kura: kafin ka ce a dakata sun cika mota sun hau kai sun zauna. In ya tarar an loda, bai san abin da zai yi ba. Bai san ko yana da ƙarfin sake cewa a sauke ba, bai kuma san ko hannunsa zai yarda ya ɗaure ba.

Suka sha kwanar lungun. Motar tana tsaye a ƙofar gida, bayanta wayam. Gado a kwance a ƙasa, katifa a jingine da bango, tukwane, akwatuna biyu a buɗe, buhun kayan yara bakinsa a kwance. Direban yana zaune a kan turmi, ya cika ya yi fam.

"Tun asuba nake nan, Baba," ya ce. "Ta ce ko cokali kada in ɗora."

Auta ta gyara goyonta. Har yanzu ba ta dube shi ba.

"To ga shi nan," ta ce. "Ka gani. Sai a fara."

Baba Ƙulli ya tsaya yana kallon kayan, ya fi yadda kayan ɗaki ɗaya ke buƙata daɗewa. Ya goge fuska da tafin hannun nan nasa mai kaushi, ya saɓa igiyar a kafaɗa.

"Gadon za a fara sa wa," ya ce.